Kilomita Biyar Kawai

Zuwa ga ɗana na fari,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga mahaifinka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka a tsaye da ƙafafunka, ya tsare ka daga sharrin ƙarafan da kuke ɗagawa a tashar jiragen ruwa, ya sanya albarka a guminka. Mu nan muna lafiya. Ciwon bayan mahaifiyarka ya yi sauƙi, har ta koma hawa bene da kanta, ko da yake sai ta huta sau biyu kafin ta kai ƙofa. Gwaggonka ta zo ta yi mana kwana huɗu, ta sauya wa kujerun falo wurin zama ba tare da kowa ya roƙe ta ba, ta tafi ta bar ni ina tuntuɓe da su. Ƙaninka Makaniki ya samu rumfa mai faɗi kusa da tashar mota, aiki kuma yana zuwa masa daidai gwargwado. Na zaɓi in rubuta maka da hannuna maimakon in kira ka, domin a waya kai kana da saurin baki, ni kuma ina da saurin fushi, sai mu rabu ba wanda ya ji wani.

Bari in fara da abin da ya cika mini zuciya. Ranar Asabar da ta wuce 'yarka Gimbiya ta yi dariya. Ba murmushin ladabi ba, dariya ce sosai, har da riƙe ciki da share hawaye. Tun ranar nake ta yawo a gida ina waƙe-waƙe, mahaifiyarka tana cewa tsufa ya fara taɓa mini kai. Amma kafin a kai ga wannan dariya an yi abubuwan da har yanzu idan na tuna su sai zuciyata ta tashi, kuma akwai hannunka a ciki.

Ka san yadda yarinyar nan ta koma bayan rasuwar mahaifiyarta. Ka zo ka yi wata guda ka koma bakin aiki, ban kuma ga laifinka ba. Mu ne muka ga sauran. Ta daina zuwa kwaleji. Kusan shekara guda ɗakin nan na ƙarshe yana rufe, labule a sauke, a ajiye mata abinci a bakin ƙofa a ɗauke shi da ƙyar an taɓa. Ni da muke tsokanar juna tun tana rarrafe, tana ce mini Ango Mai Sanda, sai na ƙwanƙwasa sau uku kafin in ji ta amsa. Wadda ta fito da ita ita ce Nas ɗin da ke zaune a ƙasan benenmu. Ba wa'azi ta yi mata ba. Ta ce mata ne ta zo ta raka ta gudun Asabar, ko da riƙe mata gorar ruwa ne.

Ba ka taɓa ganin gudun ba, don haka bari in kwatanta maka. Kowace Asabar da ƙarfe takwas na safe mutanen unguwa suna taruwa a filin shaƙatawa da ke bayan asibiti. Ana busa usur, a zagaya tafki sau biyu, kilomita biyar ke nan. Kyauta ne. Akwai masu gudu, akwai masu sassarfa, akwai masu tafiya suna hira, akwai mai tura jariri a keke, akwai wani mai gyaran takalma da ke da ƙafar roba. 'Yan sa kai suna tsayawa a kowace kwana da riguna ruwan lemo suna tafawa, ɗaya daga cikinsu kuma aikinsa shi ne ya riƙa bin bayan kowa, don kada wani ya zama na ƙarshe. Idan ka gama sai a miƙa maka ɗan kati mai lamba. A makon farko Gimbiya tafiya ta yi, kanta a sunkuye. A hankali ta fara gaisawa da mutane. Ta koma cin abinci tare da mu, ta koma kwaleji. A Asabar ta arba'in da ɗaya ta gudu biyar ɗin nan gaba ɗaya ba ta tsaya ba, cikin minti talatin da huɗu. Kai ne mutum na farko da ta tura wa hoton katin.

Da saƙon muryarka ya shigo, a falo ta kunna shi, ta ƙara murya don ni da kakarta mu ji. Ka ce madalla. Sannan ka yi dariya ka tambaye ta, wai biyar kawai? Ka ce 'ya'yan abokin aikinka kilomita arba'in da biyu suke gudu, ka ce za ka aiko mata da takalma masu kyau, ka kuma sa sunanta a gudun fanfalaƙi na kilomita ashirin da ɗaya da za a yi nan da wata huɗu. Ta kife wayar a kan kujera, ta ce za ta shiga wanka. Na san ba da mugunta ka faɗa ba, amma ɗana, tir da wannan kalma. Na zauna na rubuta ta a bayan ambulan na ƙirga haruffanta. Kawai, haruffa biyar ne. Harafi ɗaya ga kowace kilomita, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka goge.

Da ma akwai mai jiran irin wannan dama. Wani mai sayar da tabarau ne, ana ce masa Koci, ko da yake ban san wanda ya naɗa shi ba. Yana tsayawa a wurin gamawa yana rarraba takardun ƙungiyarsa, yana gaya wa mutane cewa gudun Asabar ajin renon yara ne, duk wanda ya shekara a biyar maimaita aji yake yi. Da ya ji an sa sunan Gimbiya a babban gudu, har gida ya biyo ta. Ya zauna a kujerar da nake zama, ya zazzage lambobin yabo daga cikin leda suna ƙarar gwangwani. Sai kuma ya cire takalmi da safa ya ɗora ƙafa a kan teburin falo don ya nuna mana faratansa. Baƙaƙe ƙirin, uku sun zube, ɗaya yana lilo. Wai alamar jarumta ce. Daidai lokacin mahaifiyarka ta shigo da shayi. Bai fasa ba, ya ci gaba da ba mu labarin yadda yake amai a kilomita ta talatin ya goge baki da riga ya wuce, da yadda gwanaye ke sakin fitsari a wando don kada su ɓata minti ɗaya. Yana faɗa yana washe baki. Mahaifiyarka ta juya da farantin shayin ta koma kicin. Bayan ya fita sai da na buɗe tagogi duka, ita kuma ta wanke teburin da sabulu sau biyu.

Duk da haka yarinyar ta shiga ƙungiyarsa, don ta faranta maka. Mako uku tana fita sau huɗu a mako. Tafin ƙafarta ya yi bororo, gwiwa ta kumbura, ba ta gaya wa kowa ba. A mako na uku suka bar ta a babban titin bayan gari a kilomita ta goma sha biyu, domin su ba sa jiran kowa. Da ƙafa ta dawo gida ita kaɗai, tana ɗingishi, manyan motoci suna watsa mata ruwan kwata. Kafin ta iso, Koci ya riga ya saka jerin sunaye da mintuna a zauren hirar ƙungiyarsu na waya, sunanta a ƙasa, ya manna hoton kunkuru a gefe. Mutane talatin, manya da gemu, suka yi ta turo hoton dariya. Nas ce ta nuna mini. Ban san lokacin da na tofar da yawu a ƙasa ba, a gaban baƙuwa. Daga ranar ɗakin ya sake rufuwa. Asabar biyu suka wuce ba ta fita ba, faranti ya koma bakin ƙofa.

Na taɓa ganin irin wannan, shi ya sa hankalina ya tashi. Lokacin da na shiga ajin manya na yamma ina da shekara hamsin da biyu, benci ɗaya muke da wani mai facin taya. Abin da ya kawo shi ɗaya ne, yana so ya riƙa karanta wa matarsa rubutun jikin kwalbar magani. Cikin wata takwas ya iya, har yana karanta mana allunan shaguna a hanya yana alfahari. Sai wani jami'i ya zo ya ce karatun da ba ya kaiwa ga jarrabawa ɓata alli ne. Aka tura shi jarrabawar, ya faɗi, aka liƙa sakamako a bango. Bai sake dawowa ba. Bayan shekara biyu na same shi a rumfarsa yana miƙa wa wani takarda ya karanta masa, yana cewa shi ba ya ganewa. Yana ganewa sarai. Kunya ce aka cusa masa.

Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar ɗakinta na ɗaga murya na gaya wa mahaifiyarka cewa gobe ni zan je gudun. Ita ba ta san dabara nake ba, ta ce idan na faɗa tafki ba ita ce za ta tsamo ni ba. Da safe na sa tsohon wandona na aikin kafinta, na ɗauki sanda na fita. Ina tsaye a wurin jiran bas sai ga Gimbiya da tsofaffin takalmanta, fuska a murtuke. Ta ce ba gudu ta zo ba, ta zo ne don kada Ango Mai Sanda ya kunyata dangi. Muka kama tafiya. A zagaye na biyu akwai wani ɗan tudu da ban lura da shi ba da farko, nan na zube a benci na ce a nan za a binne ni. Ta hau ni da faɗa, ta ce mai ƙafar roba ma ya wuce tun ɗazu. Awa ɗaya da minti goma sha biyu muka yi. Na ɗauka za mu iske kowa ya watse, sai na ga suna nan tsaye a rana suna jiranmu da tafi. Aka miƙo mini kati mai lamba ɗari biyu da goma sha uku. Na ɗaga sanda sama kamar wanda ya ci yaƙi, sandar ta ture hulata, hular ta faɗa cikin bokitin ruwan sha. Nan ne ta yi dariyar da na gaya maka. Wallahi ban ji daɗi irin wannan ba tun ranar da aka ɗora mini ita a hannu tana jaririya.

Ko numfashi ban gama mayarwa ba sai ga Koci da takardarsa. Ko kallon Gimbiya bai yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce tunda na iya biyar, yanzu sai in sa wa raina goma. Na cire hannunsa, na ce masa abin da na sa wa raina shi ne wancan bencin, kuma idan ya sake hawa benenmu ya zo da safarsa a ƙafa.

Kada ka ɗauka ina ƙin dogon gudu. Nas ta yi na ashirin da ɗayan nan sau biyu, ta ce ta ji daɗinsa, amma ita ce ta so, kuma kowace Asabar tana nan a bakin tafki, wani lokaci a guje, wani lokaci da rigar 'yan sa kai. Idan wata rana Gimbiya ta tashi ta ce tana son goma ko arba'in, ni zan riƙe mata ruwa a bakin titi. Abin da nake ƙyama shi ne a zo wa mutum yana cikin jin daɗin abinsa a ce masa bai isa ba. Yarinyar nan ba lambar yabo take nema a filin ba. Dalilin tashi daga gado take nema, ta kuma samu.

Ga inda maganar ta tsaya. A cikin bas muna dawowa ta ce tana son komawa gudun Asabar, amma ba za ta iya ba matuƙar kana can kana zaton shirin babban gudu take yi, domin ji take kamar ƙarya take maka. Ta ce kuma ba ta da bakin da za ta gaya maka ta fasa, bayan ka aiko da takalma, kada ka ce ta ba ka kunya a gaban abokin aikinka. Na ce mata ta bar mini wannan. Don haka ga abin da nake so. Ka cire sunanta daga gudun. Ka kira ta kafin Juma'a, kira da baki, ba saƙon murya ba. Ka gaya mata kalmar nan kuskure ce, uba ba ya raguwa don ya faɗa wa 'yarsa haka. Kada ka tambaye ta mintuna. Ka tambaye ta su wa take gani a wurin, ka bar ta ta yi maka surutu. Na ba ƙaninka takardar ya ɗauki hotonta ya turo maka yau, don kada ka ce ta makara a hanya.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Makaniki da matarsa da 'yan biyunsu suna gaisuwa. Ka gaishe mini da ɗan gwaggonka Direba da iyalinsa, ka ce masa uwarsa tana ƙorafin ba ya kira. Ka gaishe da abokin aikin naka ma, Allah ya raya masa 'ya'yansa masu arba'in da biyu.

Ranar Asabar ƙarfe takwas za a busa usur. Ni dai zan je, ko gwiwata ta yarda ko ba ta yarda ba. Ko ni kaɗai zan hau bas ɗin ko tare da ita, wannan yana bakinka.

Ni ne mahaifinka, mai yi maka addu'a kullum.