Abin da Aka Yanke a Hotonmu

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakiyar rani, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa, Yayana Munzali. Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa daga zuciyar da ta rasa sukuni tun ranar da saƙonka ya iso Rano.

Ka daina ɗaukar wayata, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ƙanwarka Huseina ta zo daga Fassi rungume da hoton da na aika maka, a naɗe cikin ɗankwali kamar gawa. Ta ajiye a gabana, ta kasa kallona. Da ƙyar ta faɗi abin da ka aiko ta da shi: wai mutumin da ke cikin hoton nan ya fi ka dacewa da ni, don shi ƙafarsa biyu. Na kwance ɗankwalin, na duba. Ga fuskarka, ga tawa, ga sanduna a hammatarka, amma daga saman gwiwa zuwa ƙasa babu komai! An yanke hoton. Wanda bai san ka ba zai ɗauka targaɗe kawai ka yi.

Wayyo ni Amatullahi! Ashe haka ka ɗauke ni? Ni ce zan ɓoye ƙafarka? Ni da na tsaya a bakin ɗakin asibiti ranar da mota ta ture ka da babur a hanyar Rurum, ina jin likita yana gaya wa mahaifinka ba za a iya ceto ta ba? Ban gudu ranar da jini ke zuba ba, sai yau da rauni ya warke zan ji kunya?

Ka tuna yinin da aka ɗauki hoton. Gwaggo Asibi ce ta raka ni gaishe ka, an yi ruwa da safe, tsakar gidanku na ƙamshin ƙasa. Kana zaune a gindin mangwaro, sai ka ce ba za ka karɓi baƙuwarka a zaune ba. Ka jawo sanduna, ka miƙe, gumi na tsattsafo maka. Karon farko ke nan da ka tsaya da kanka tun bayan hatsarin. Mahaifiyarka ta rufe fuska da mayafi. Huseina ta ɗaga waya ta ɗauke mu: kai tsaye kyam kamar dutsen Rano, ƙafar wandonka ta hagu a naɗe an soke ta da fil a gwiwa, ni a gefenka ina dariya da hawaye a haɗe. Ban taɓa ganin namiji ya yi mini kwarjini kamar ranar ba. Tsayuwar nan nake so ka riƙa gani a bango duk lokacin da zuciyarka ta karaya.

Ga yadda abin ya faru, Allah ne shaidata. Na tura hoton ta waya zuwa shagon Malam Abdulganiyyu mai wanke hoto a bakin kasuwa, na ce a yi babba, inci takwas da goma, a saka a firam. Ranar Inna na kwance da zazzaɓi, ban iya fita ba, sai na ce ya ba direban da ke zuwa Fassi ya kai maka kai tsaye. Idona bai gan shi ba sai da ka dawo da shi.

Ina tashi daga gaban Huseina na zari hijabi na nufi shagon, ko takalmin kirki ban saka ba. Mutumin ya ga halin da nake ciki, ya buɗe hoton a kwamfuta ya nuna mini. Hoton waya dogo ne siriri, katin da na zaɓa kuwa gajere ne mai faɗi. Ba sa haɗuwa. Ko dai a cika katin a zubar da wani sashe na tsawon hoton, ko a shigar da shi gaba ɗaya a bar fari a dama da hagu. Ya ce yawancin masu kawo masa aiki ba sa son farin nan, fuska suke nema, shi ya sa ya bar kawunanmu ya zubar da ƙasa, bai ma lura da abin da ke wurin ba. Da na gaya masa abin da ya zubar, sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Nan take ya sake wanke shi cikakke a dogon kati, ya datse farin gefe, na kai wa kafinta ya yi masa firam daidai tsawonsa. Daga hularka har takalminka ɗaya da ke kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, duk suna ciki.

Ba zan ɓoye maka ba, hasken raina, akwai masu magana. Wata daga cikin danginmu ta ga yankakken hoton ta ce ai wannan ya fi rufin asiri. Wasu suna tambayar Inna da me za ka ciyar da ni, tunda ba hawa babur ɗin da kake neman abinci da shi. Ni ma nakan ji tsoro, ba dutse ba ce ni. Amma tsoron da ke hana ni cin abinci shi ne wanda Huseina ta bari a ɗakina: wai ka roƙi kawunka, Kawu Isyaku, ya zo wurin Baba ranar Juma'a ya janye maganar aurenmu, don kada ka zame mini kaya.

Kaya? Kai da ka yi ta zarya tsakanin Fassi da Rano a cikin ruwa da taɓo don mu gaisa a zaure? Kai da muryarka ke kwantar mini da hankali kamar kukan kurciya da hantsi? Wa ya ba ka izinin yi mini wannan tausayi? Ka tambaye ni? Shinkafar fadama ba ta rayuwa idan an janye mata ruwa, ni kuwa tun da ka yi shiru ganyena ke naɗewa. Idan ka daina sona ne, ka faɗa da bakinka, zan yi kuka in haƙura. Amma idan don ƙafa ne, wallahi ban yarda ba, kuma na faɗa wa Baba haka ina durƙushe a gabansa. Ya dai ce zai saurari Kawu. Abin da Kawu zai zo da shi kuwa a hannunka yake.

Akwai abin da ban gaya maka ba, na so sai na tare ka gani da idonka. Tun bayan sallamarka daga asibiti nake zuwa gidan wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu tana koya mini yadda ake wanke dungu da naɗe shi da bandeji, don kada ya kumbura, don ya karɓi ƙafar roba idan Allah ya kawo ta. A jikin taɓaryar Inna nake gwadawa. Da farko warwarewa yake yi, matan gida suna ta yi mini dariya. Yanzu ko ido a rufe zan naɗa, ba matsewa, ba sakwarkwacewa. Hannuwan nan sun iya aikinsu, Yayana, mai shi kawai suke jira. Kada ka bar su a kan taɓarya.

Ka tsayar da Kawu. Ka ɗauki wayata.

Taka a yau, taka a gobe, taka har ranar da zan kwanta dama,

Amatullahi
Rano