Ƙwayar da Akawu Ya Ja wa Jan Biro

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Asusun Jinya na Ma'aikatan Makarantarmu, Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da sauran dattawan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Rahila, mai buga tafireta a ofishin makaranta shekara goma sha huɗu. Sau biyu na rubuto maka a rufe, ban ji komai ba. Shi ya sa na manna wannan a allon sanarwa. Kada hankalin ma'aji ya tashi, da kuɗina na sayi takardar.

Na farko. Bara aka yi mini tiyata a Jos saboda ƙari. Likita ya cire mahaifata, ya haɗa da gidan ƙwan duka biyu. Ina da shekara talatin da tara, al'ada ta ɗauke mini rana ɗaya, abin da ke zuwa wa sauran mata a hankali. Zafi kan taso mini daga ƙirji har ƙeya, ina zaune a ofis gumi na ɗiga kan takardar jarrabawa. Barci ya ƙi, gaɓoɓi suka ɗauki ciwo, na riƙa mance layin da nake bugawa. Likita ya rubuta mini wata ƙwaya da ke mayar wa jiki abin da waɗancan sassa suke ba shi. Cikin mako uku na dawo mutum.

Na biyu. Ba a samun ƙwayar a kemis ɗin garin nan, sai na ba direban Jos sautu. Tun da darajar naira ta faɗi, ta wata ɗaya tana cinye kashi ɗaya cikin uku na albashina. Na sayar da akuyoyina biyu, na sayar da cittar da na noma a gonar marigayi maigidana tun ba ta gama bushewa ba. Duk wata kuwa ana yankar mini kuɗin asusu kafin albashi ya iso hannuna, ban taɓa yin ƙorafi ba. Da abin ya fi ƙarfina sai na cika fom, na haɗa da takardar likita da rasit da kwalin maganin.

Na uku, kuma nan ne bakin zaren. Akawunku ya buɗe kwalin, ya ga ƙwayoyi a jere, kowace da sunan ranarta a gefe. Bai karanta takardar likita ba, bai kira ni ba, alhali bango ɗaya ne tsakanin ofishinsa da nawa. Sai ya ɗauki jan biro ya rubuta a goshin fom ɗin cewa maganin hana haihuwa ne, asusu ba ya biya. Kai kuma ka sa hannu a ƙasa.

Fom ɗin ya kwana biyar a kan tebur a buɗe. Mijina ya shekara shida da rasuwa, kowa ya sani. Ka san abin da gari kan yi da irin wannan labari. Ranar Lahadin da ta biyo baya, matan da muke zama tare a majami'a suka matsa suka bar mini benci. Shugabar zumuntar mata ta same ni a bayan ɗakin sujada, ta karɓi tulun da nake bugawa a waƙa tun kafin in haifi autata, wai in ɗan huta har dattawa su duba maganata. Na yi kuka a hanyar gida, ba zan ɓoye ba. Yanzu kukan ya ƙare, fushi ne ya rage.

Ina tambayar kwamiti: wace haihuwa mace marar mahaifa za ta hana?

Na huɗu. Da yatsuna na buga dokokin asusun nan, na san su kamar sunayen 'ya'yana. Sun ce za a biya duk maganin da likita ya rubuta bayan tiyata. Ba su ce sai na namiji ba. Kuma ni na buga takardar biyan haƙoran roba da aka sa maka bayan an cire naka, ranka ya daɗe. Ban ga laifin hakan ba, na ma taya ka murna da ka koma cin gasasshiyar masara. An cire maka abu, asusu ya mayar maka da madadinsa. Ni ma abu aka cire mini. Bambancin kawai, naka ana gani idan ka yi dariya.

Wasu sun ba ni shawara in daina shan ƙwayar, in daure kamar yadda iyayenmu suka daure, magana ta mutu. Ba zan daina ba. Idan na daina yau, gobe za a ce na tuba ne, ni kuwa ban yi abin tuba ba.

Ga buƙatata. A biya maganin kamar yadda doka ta ce, daga watan da na kawo fom. A sami mace ko ɗaya a cikin kwamiti, domin maza bakwai sun dubi kwalin nan babu wanda ya san me ya gani. Abin da ya fi waɗannan duka, akawu ya ɗauko jan biron nan nasa ya soke abin da ya rubuta, kai kuma ka karanta gyaran da bakinka a taron ma'aikata na ƙarshen wata. Kuɗi idan babu ina iya jira, sunana ne ba zan jira ba.

Zan zo taron, zan zauna a layin gaba. Ƙarfe goma nake shan ƙwayata, kuma taronku ƙarfe goma yake farawa. Zan zo da kofin ruwana.

Ubangiji ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya kiyaye matarka da 'ya'yanka mata daga wuƙar likita da biron akawu.

Wassalam.

Rahila, mai buga tafireta.