Gatarin Aradun Baba

Maraɗi, 3 ga Mayu

Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya zafi? Waya ta ƙi shiga, shi ya sa na rubuto.

Gatarin aradun marigayi Baba da kika aiko ta hannun Inusa direba ya iso. Na kai wa Malama Zulfa, mai binciken kayan mutanen dā a jami'a. Ta ce irin duwatsun nan ba aradu ke jefo su ba, gatura ne da mutane suka goga da hannu tun kafin a san ƙira. Amma da ta sa wannan a madubin ƙara girman abu sai ta yi dariya, wai sawun injin wasa wuƙa ne a jikinsa, bai shekara ba. Na ji kunya, wallahi.

An musanya shi a hanya. Inusa ya ce sun daɗe a boda. Da wa ya tsaya?

Ƙaninki, Badamasi

Magama, 9 ga Mayu

Badamasi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ka fita harkar Inusa, bawan Allah mai 'ya'ya shida. Ni tambayata, me Malamar taka ke nema da dutsen da ya shekara arba'in a rumbunmu yana tsare mana hatsi daga tsawa? Agogon Baba ma cewa ka yi gyara za ka kai, yau shekara uku. Kuma wai mutum ya yi shi? To Baba da ya tsince shi gindin gawon da aradu ta tsaga, maƙaryaci ke nan?

Ka gaida matarka Nafisa.

Luba

Maraɗi, 14 ga Mayu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Baba bai yi ƙarya ba. Ruwan da ya zo da aradun ne ya wanke ƙasa, dutsen ya fito. Ni abin ƙara mini girma ya yi a ido: wani ya riƙe shi, ya yi gumi, ya ci da iyalinsa a gonar da muke nomawa.

Zancen agogo ya yi mini zafi, yana nan a akwatina.

Na kai ƙarar Inusa wurin shugaban tasha. An karɓe makullin motarsa, ranar Juma'a zai dafa Alƙur'ani a gaban jama'a.

Ƙaninki, Badamasi

Magama, 15 ga Mayu

Badamasi,

Innalillahi! Maza ka je tasha tun kafin Juma'a.

Ni ce. Ban yarda za ka dawo da shi ba, sai na sa wani mai wasa wuƙa a kasuwar Jibiya ya goga mini wani. Na Baba bai taɓa barin rumbu ba.

Matar Inusa ta zo jiya tana kuka, na ba ta ruwa, na kasa kallon idonta.

Na gaskiyar yana nan wurina, na naɗe shi cikin tsumma. Na rasa wanda zan ba ya kawo maka, duk direbobin sun ƙi karɓar kaya daga gidanmu, wannan takardar ma da ƙyar aka karɓa.

Yayarka, Luba