Zalɓe a Jikin Ƙofofin Surukata

Nagano, 20 ga Disamba, 1945

Zuwa ga aminina Munakata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma tarin nan ya sake ka. Na ji masana'antarmu ta koma ƙera tukwane da ƙarfen fukafukan jirgi. Madalla. Wannan karon abin da muka ƙera zai shiga gidajen mutane ta ƙofa.

Ka tambaye ni zanen jirginmu Zalɓe, wai injiniyoyin Amurka na neman takardun jiragen yaƙin da ba a kai ga ƙerawa ba, kuma in ka kai musu za su ɗauke ka aiki. To, ka canka. Ranar da aka ce mu ƙona komai na ƙona, ban da shafi arba'in da na naɗe a ƙyalle na aiko ƙauyen su matata Fusae. Shekara uku muna zana jirgi mai farfela a baya da ƙafafu zaƙo-zaƙo, hannuna ya ƙi ƙyasta masa ashana.

Sai dai ka san ƙofofinmu katako ne da takarda, kuma ƙarshen shekara lokacin sabunta takardar ne, ga takarda ta yi wuya. Na iso na tarar surukata ta dama ƙullun shinkafa, ta liƙe Zalɓe kaf a ƙofofin ɗakin gabas. Ina buɗe baki ta ce, "Kai ɗan nan, takarda mai kyau haka kuka ɓata da zane-zane? Shi ya sa aka ci mu da yaƙi." Na karanta littattafan yaƙi da dama, ban ga wanda ya kai ta iya taƙaitawa ba.

Ɓamɓarowa sai an jiƙa, in an jiƙa tawada ta tafi, ga dusar ƙanƙara har gwiwa, ba a barin ƙofa ba takarda. Don haka daga jikin ƙofa zan kwafe maka shi. Da safe nake yi. Rana na leƙowa daga bayan dutse sai fiffike ya fara bayyana a hankali, kamar daga cikin hazo. In inuwar tsuntsu ta gifta, har ƙarar injin nake ji, injin da ba a taɓa kunnawa ba, in ga gonakin shinkafa sun zama 'yan ƙanana a ƙarƙashina. Fusae ta ce ba ta san mai gadin ƙofa ta aura ba.

Ka ba ni wata guda.

Naka har kullum,
Kurahashi

Nagano, 2 ga Fabrairu, 1946

Aminina Munakata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya jikin mai ɗakinka? Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Makon jiya tsohuwa ta ja ƙofa don kyanwa ta fita, ƙofar ta zame gefe ta hau kan 'yar'uwarta, shafin gindin fiffike da na zana ya kwanta kan shafin gangar jirgi da ka zana. Haske ya ratsa su biyun. Munakata, ramukan noti ba su haɗu ba. Faɗin yatsa biyu ne tsakaninsu.

Ka tuna bayan ruwan bama-bamai an raba mu, ku a makarantar 'yan mata, mu a haikali. Kai kana awo daga hancin jirgi, ni daga bayan kujerar matuƙi. Ba wanda ya nemi ganin takardar wani, don hakan raini ne. Na ƙirga jan hatimi bakwai a kowane shafi. Manya goma sha huɗu, kowa ya buga nasa ya sunkuya wa ɗan'uwansa. Da an ƙera Zalɓe, da fiffikensa na nan jingine da bango.

Kwana uku ban taɓa alƙalami ba. Tun watan Agusta da yaƙi ya ƙare nake jin haushin cewa wata biyu kacal muka rasa, da ya tashi. Ashe wannan haushin ne yake riƙe da ni.

A rana ta huɗu na matsar da ramukana zuwa naka. Aikin safiya ɗaya ne. Ga kwafin nan cikin wannan ƙunshi, cikakken jirgi, ba aibi ko ɗaya, tunda a takarda zai zauna. Ka kai musu ka karɓi aikin. Kai kaɗai na ga ya dace ka san yadda yake a jikin ƙofa.

Na yi wa tsohuwa bayani tana gasa wainar shinkafa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ɗan wa ya mutu a cikinsa?" Na ce ba kowa, Iya, ko haɗa shi ba a yi ba. Ta juya wainar ta ce, "Ashe dai kun iya aiki."

Fusae na gaishe ku. Ka kula da ƙirjinka.

Amininka,
Kurahashi