Akushin Juma'a

Limancin Kona, Birnin Zariya
3 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya damina a Bauchi? Inna tana gaishe ki, matata Batul ma ta ce kada in manta da tata gaisuwar.

Yaya, akwai magana, kuma ba ta waya ba ce. Watan jiya na raka maƙwabcina Ɗanladi asibiti, sai likita ya bar mara lafiya ya ƙura mini ido. Wani ɗan tabo rawaya ya gani a fatar idona. Ya tambaye ni iyaye da 'yan'uwa, na ce Baba ya faɗi yana alwala yana da arba'in da tara, Yaya Rilwanu kuma a kasuwa yana da arba'in da shida. Nan take ya sa aka ɗebi jinina. Kitse ne ya yi mini yawa a jini, kwalastarol suke ce masa. Ni fa, da kike kira sillen kara! Ya ce irin namu na gado ne, ba ruwansa da ƙiba, ba ya ciwo, sai dai ya riƙa taruwa a jijiya har ya toshe wa zuciya hanya tun mutum bai tsufa ba. Yana bayani ina hango lungunmu, yadda kowa ya ƙara dakali har keke ya daina shiga. Ya ba ni ƙwaya kullum ɗaya, ya ce in riƙa tafiyar ƙafa, in rabu da man shanu da nama mai kitse.

Tun ranar, in na zauna a zaure da la'asar ina ɗinkin aska takwas, sai hankalina ya yi tafiyarsa. In ga Baba a kan buzunsa, Yaya Rilwanu yana lasar zare zai sa a allura, hasken ƙofa yana kwance a ƙafafunsu. Ba sa magana, kuma ba su tsufa ba. Ni ne nake ta matsowa kusa da su, saura shekara uku in kamo Yaya Rilwanu. Wallahi tsoro nake ji.

Ga inda gizo ke saƙar. Kin san akushin Inna na Juma'a: tuwon shinkafa, miyar taushe, man shanu yana ninƙaya, ga ƙashin ɓargo a sama. Kin kuma san dokar gidanmu, akushi ba ya komawa sai an suɗe shi. Da wane baki zan ce mata abincin nan yana cutar da ni? Ai kamar na ce mata ita ta ciyar da mijinta da ɗanta har kabari ne. Don haka Ɗanladi nake miƙa wa ta katanga, ya dawo mini da shi tas. Kada ki gaya mata.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Aƙilu


24 ga Yuni

Yaya Hajo,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ƙafar maigidan ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, na kuma ji faɗan da kika yi mini. Kin yi gaskiya, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ɗanladi, Allah ya shirye shi, mutum ne mai ladabi fiye da kima. Ya haɗu da Inna a wajen suna, ya durƙusa har ƙasa yana sa mata albarka, wai mako uku ke nan yana lasar hannu, bai taɓa cin taushe irin nata ba. A gaban mata fa!

Juma'ar da ta wuce na dawo masallaci na zauna ina jira, akushi bai zo ba. Shekara goma sha bakwai, tun aurena, bai taɓa fashi ba. Na kishingiɗa ina kallon hadari yana haɗuwa a saman rimi, sai ga ni ina ɗan shekara bakwai a gindin murhu, Inna tana ɗiga mini man shanu a tafin hannu tana cewa kada in gaya miki. Har ƙamshin na ji, Yaya.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne wanda Batul ta gaya mini jiya. Inna ta ja ta gefe ta tambaye ta ko gishiri ne yake yi mata yawa, tunda idonta ya soma rauni. Ta ce in hannunta ne ya tsufa, a gaya mata, ba za ta ji haushi ba. Na rasa inda zan sa kaina. Gobe zan je.

Ki taya ni da addu'a.

Naki,
Aƙilu


9 ga Yuli

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, mu ma alhamdu lillahi.

Na je. Na same ta tana tsintar wake, na zauna a bakin tabarma na kwashe komai na gaya mata. Hannunta ya tsaya cak a cikin faifai. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko girkinta ne ya tafi da su. Na so in ce a'a in huta, amma na gaji da ƙarya. Na ce abin a jinin Baba yake, ko zogale suka rayu suna ci yana nan, maiƙo dai yana ƙara shi, kuma da an sani da magani ya taimaka, to ba wanda ya sani. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi.

Washegari da hantsi sai ga keke biyu a bakin titi. Inna, wadda ko zazzaɓi ba ya kai ta asibiti, ta yafa mayafi ta tattaro jikokinta na nan Zariya kaf, nawa da na Yaya Rilwanu, ta tasa su gaba har ɗakin gwaji. Sakamako ya fito shekaranjiya. Nawa sun kuɓuta. Fiddausi ta Yaya Rilwanu tana da shi, ga ta 'yar sha tara kamar a hure ta ta faɗi. An ɗora ta a kan magani, likita ya ce an yi dace da aka gano da wuri.

Saura ke da yaranki. Na san halinki, za ki ce ke lafiyarki ƙalau, kwana kuma na Allah ne. Inna ma ta san za ki faɗi haka, shi ya sa ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Ta ce kada ki kira ta gaisuwa sai takardar gwaji tana hannunki. Ta ce ta binne miji ta binne ɗa tana cikin duhu, ta yi haƙuri. Na uku kuwa, idonta biyu, ba za ta iya ba.

Don Allah, Yaya, ki je ranar Litinin.

Wassalam. Ƙaninki mai ƙaunarki,
Aƙilu