Kabeji a Ƙarƙashin Leda

Fall River, 13 ga Yuni, 1994

Yaya Gorete,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen ƙauyenmu. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin daina hawan tudun coci da ita kamar wata budurwa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa.

Albishirinki, 'yata Lucilia ta yarda ta dawo gida. Za su zauna a hawa na biyu kafin Satumba, ita da mijinta da ɗansu Baltazar. Tun rasuwar maigidana Anibal ni kaɗai ce a gidan katako mai hawa uku, in ji motsin ɓera a sama in ce masa sannu. Yanzu jikana ne zai riƙa yi min tsalle a ka safe da yamma, kuma abin da nake roƙon Allah ke nan tun ranar da aka haife shi.

Sai dai da sharaɗi. Doka ta hana ƙaramin yaro zama a gida mai tsohon fenti, wai akwai dalma a cikinsa, ita kuwa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Wani ma'aikacin hukuma ya zo da na'ura yana manna ta a bango, ya ce sai an kankare gidan daga sama har ƙasa. Na ce masa 'ya'ya uku na rena a nan, ba wanda ya fito dolo. Ya rubuta wani abu a takardarsa, ko kallona bai yi ba.

Norberto na ba aikin. Kin tuna shi, ɗan Alzira mai burodi, wanda na riƙe a coci ranar baftisma, shi ya sa yake ce min Madrinha. Yanzu ɗan kwangila ne, da lasisinsa da mota mai sunansa a jiki. Suka zo su huɗu cikin fararen kaya, fuska a rufe. Kafin su taɓa bango sai suka shimfiɗe lambun bayan gidan kaf da leda, suka danne ta da bulo, har kan kabejina, irin da kika aiko min daga gida.

Na ce, "Kai Norberto, kabejin nan da ransa, me ya kawo likkafani?"

Ya ce, "Madrinha, kwana goma ne kacal. Ƙurar nan in ta shiga ƙasa ba ta fita. Ki zaɓa, kabeji ko jika."

Na ce, "Ni da na share maka majina za ka ba zaɓi?"

Ya yi dariya ya ce ko Fadan cocinmu ne ya zo, ledar nan ba ta tashi.

Na bar shi da bakinsa. Ƙarfe huɗu suke tashi. Suna juya baya sai in ɗage bulon, in ja ledar in kakkaɓe ta tas yadda Mama ta koya mana da mayafin tebur, in ba kabeji ruwa ya sha iska. Da safe kafin su iso in mayar da komai. Mako guda ke nan bai gane ba, har yabon kansa yake yi wai ledarsa kullum fes. Jiya Lahadi ba aiki, Lucilia ta bar min Baltazar, muka wuni a lambu yana tona ƙasa da cokali. Na yi masa miyar kabeji da dankali, ya sha kwano biyu.

Ki gaishe min da kowa. Ki aiko da hoton jaririn 'yarki Natalia.

Taki ƙanwa,
Ermelinda

Fall River, 26 ga Yuli, 1994

Yaya Gorete,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Hoton ya iso, yaron kan kakansa ya ɗebo, Allah ya raya shi. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi.

An gama aiki. Gida ya fito fari sol, masu wucewa har tsayawa suke yi. Ma'aikacin ya dawo da na'urarsa, bango ya ci jarrabawa. Sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasar lambu a ƙananan kwalabe. Bayan kwana tara takarda ta zo, ƙasar cike take da dalma, kuma ta fi yawa daidai inda kabeji yake. Lucilia ta kai Baltazar asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ta ce dalmar ta hau, ba ta kai ta kwanciya ba, amma ta wuce inda ake so. An ba shi magani, za a sake dubawa bayan wata biyu. Yaron yana wasansa, ba abin da ido zai gani. An ce haka gubar take.

Kin san 'yar taki. Ranar Lahadi ta tare Norberto a ƙofar coci, mutane na fitowa.

Ta ce, "Kai ne mai lasisi ko? Lasisin kashe 'ya'yan mutane aka ba ka?"

Ya cire hularsa ya ce, "Lucilia, tare muka yi makaranta. Na rantse da kabarin uwata leda biyu na shimfiɗa, ɗaya kan ɗaya."

Ta ce, "To aljanu ne suka zuba. Ka ajiye rantsuwarka, ka kai wa hukuma."

Ta kai ƙararsa. An sa ranar ashirin da biyar ga Agusta, in aka same shi da laifi lasisin ya tafi. Tun yanzu gida biyu sun fasa ba shi aiki, matarsa ta koma zama a kujerar baya a coci.

Shekaranjiya ya zo wurina. Bai shiga ba, a matakala ya tsaya. Ya ce, "Madrinha, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Leda kan tara ƙura, tawa kullum a wanke nake samunta, ni kuma saboda wauta ina murna. Ba wanda ya taɓa ta?" Na ce masa garin nan da iska. Ya dube ni, ya dubi lambun, ya yi min sallama ya tafi.

Yaya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da na rubuta miki a watan jiya ki bar shi tsakaninmu, kada ko maigidanki ya ji, don bakinsa har Amurka yake kaiwa. Na auna abin nan. Lucilia ta ce in an kwashe ƙasar an zuba sabuwa za su tare kamar yadda aka shirya, tunda laifin na ɗan kwangila ne, ba na gidan ba. Norberto matashi ne, yana da hannu, ko lasisi ya tafi zai iya ɗaukar burushi a ƙarƙashin wani. Ni kuwa shekarata sittin da takwas, jikana ɗaya a garin nan. Ban ce daidai ba ne. Lissafin da na yi nake gaya miki.

An tuge kabejin, an zuba shi a baƙar jaka an ɗaure. Ban yi kuka ba.

Taki,
Ermelinda

Fall River, 30 ga Agusta, 1994

Yaya Gorete,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta same ni, kin wanke ni tas ba sabulu. Sau ɗaya na karanta na sa ta ƙarƙashin gwangwanin sukari. Ba zan ce ita ta sa ni yin abin da na yi ba, kada kanki ya kumbura.

Ranar Alhamis muka je gaban hukuma. Ƙaramin ɗaki ne, mutum uku a bayan tebur, Norberto cikin kwat ɗin aurensa da ta yi masa kaɗan. Ya nuna hotunan ledarsa. Wani mai tabarau ya tambaye shi, in leda ta rufe ƙasa, ta ina dalma ta bi? Norberto ya dubi hotunansa. Ya san amsar, Yaya, tun ranar matakala ya sani. Yana iya nuna ni da yatsa, ga ni zaune taku uku daga gare shi. Sai ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe." Ai ba a kai uwar baftisma gaban hukuma.

Na tashi tsaye. Turancin nawa kin san shi, na masana'antar ɗinki ne, amma ya isa. Na faɗi ƙarfe huɗu, na faɗi bulo, har na nuna musu da hannu yadda nake kakkaɓewa. Mai tabarau ya tambaya sau nawa. Na ce kullum, har Lahadi. Ya tambaya ina yaron yake a lokacin. Na ce yana gefena da cokali.

An bar wa Norberto lasisinsa. Da za mu fita ya riƙe min ƙofa ya ce, "A hankali da matakala, Madrinha." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Lucilia ce ta mayar da ni gida. Ta kashe mota a ƙofar gida.

Ta ce, "Mama, ledar zan iya yafewa, ba ki san abin da kike yi ba. Amma likita ta tambaye mu a gabanki ko yaron ya yi wasa a ƙasar, ko ya ci abin da ya fito daga cikinta. Kika ce ba ki tuna ba."

Na ce, "Tsoro na ji kada ki fasa dawowa."

Ta ce, "To na fasa."

Sun kama haya a New Bedford, sabon gini. Hawa na biyu yana nan a share, da labulen da na ɗinka masa. Jinin yaron sai ƙarshen Satumba za a sake dubawa, ki sa shi a addu'a. Ba ta hana ni ganinsa ba. Ta ce in riƙa zuwa ranar Lahadi, amma kada in zo da komai, ko miya, ko burodi, ko ganye ɗaya.

Shekaranjiya na je a bas. Ban taɓa shiga gidan mutum hannu rabbana ba tun da na yi wayo, duk hanya ban san inda zan ajiye hannuwana ba. Yana jin muryata ya rugo, ya kama jakata ya buɗe, ya leƙa har ƙasa. Ya ce, "Kaka, ina miyata?" Uwarsa na tsaye a bakin ƙofar kicin tana jiran ta ji amsata. Na ce masa Kaka ba ta iya miya ba yanzu. Ya ce ba komai, shi zai koya min.

Ki gaida maigidanki da yara. Irin kabejin da kika ce kin ajiye min, ki ba Natalia ta shuka.

Ƙanwarki,
Ermelinda