Na ga ɗan Hajiya a gadon asibiti, ya ce kada in faɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma a tausasa harshe.

Ni ɗaliba ce, ina karatun nursing a Manchester, iyayena suna Aston a Birmingham. A zangon da ya wuce mun yi wani module kan yadda ake kula da marasa lafiya masu neman jinsi ɗaya da waɗanda suka sauya jinsi. An koya mana kada mu yanke wa mutum hukunci, mu tambaye shi wa yake so a sanar, kuma sirrinsa amana ne ko a gaban mahaifiyarsa. Na karanta komai, na ci jarrabawa, a raina ina cewa wannan ba zai taɓa shafar mutanenmu ba.

Da na fara placement, wato koyon aiki a asibiti, sai na tarar da ɗan maƙwabciyarmu Hajiya kwance a ward ɗinmu, wanda babansa ya kora shekarun baya. Wani Bature yana riƙe da hannunsa. Bakina ya riga ni, na ce masa sannu Yaya, ya jiki. Ya juya fuska bango yana hawaye. Daga baya ya roƙe ni kada kowa a gida ya ji, wai gara ya mutu nan da a zo a kori abokin zamansa daga bakin gadonsa. Ba zan faɗi ciwon ba, amma ba mai sauƙi ba ne.

Na sanar da mentor ɗina na san shi, ta canza mini ɓangare, ta tuna mini cewa in na yi magana za a iya cire ni daga course. Ba korar ce ta fi damuna ba. Hajiya ita ta yi mini wankan jariri. Duk zuwana gida sai ta ba ni dambun nama a leda, a ɓoye kada mijinta Alhaji ya gani, ta ce in ba ɗanta in Allah ya haɗa mu a hanya, don ta ji an ce yana Manchester.

Na san abin da addinina ya ce, ba fatawa nake nema ba. Juma'a zan je gida, kuma Hajiya ta fara cewa in rantse ban gan shi ba. In ci amanar mara lafiya, ko in bar uwa ta ji labarin ɗanta bayan an rufe shi? Me zan ce mata?